Yadda kurket ya biyo 'yan gudun hijira ya shiga Afganistan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce Afganistan ta doke Ingila, ta kuma doke Ostireliya a wasan kurket. Mu dai tun muna yara ba ma jin sunan ƙasar nan a rediyo sai da labarin yaƙi. Ta yaya suka kai nan? Dama can wasan gadonsu ne, ko gwamnati ce ta zuba kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne. Amma kurket ba gadonsu ba ne, kuma ba gwamnati ce ta dasa shi ba. Wasan gadon Afganistan shi ne buzkashi, inda mahaya dawakai ke rige-rigen ɗauke gawar akuya, sai kokawa, sai ƙwallon ƙafa a birane. Kurket a gudun hijira aka koyo shi. Yaƙin da ya kori mutane daga gidajensu shi ya ajiye su a ƙasar da yara ke tashi da wannan wasa a hannu, da suka koma gida suka tafi da shi. Sai dai hijira kaɗai ba ta isa ta kai mutum ga doke Ingila ba. Akwai abubuwan da suka taru a kanta, kuma su ne na fi so ka gane.

Tunda yawancinmu 'yan ƙwallon ƙafa ne, bari in ɗan share fage. Ƙungiya biyu ce, kowace mutum 11, ɗaya na jifa ɗaya na bugu. Mai jifa yana auna sanduna uku da aka kafa a bayan mai bugu, shi kuwa mai bugu yana kare su da faffaɗan katako, yana maka ƙwallon nesa don ya sami damar gudu, kowane gudu maki ɗaya. In ƙwallo ta sami sandunan, ko aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya fita, wani ya shigo a madadinsa. In ƙwallo ta gangara ta wuce iyakar fili maki 4 ne, in ta tsallake ta sama maki 6. Jifa shida shi ake kira oba. Wasan iri uku ne: Tes, mai ɗaukar har kwana 5, da na wuni ɗaya, mai oba 50 ga kowane ɓangare, sai T20, mai oba 20, wanda ake gamawa cikin awa uku da 'yan kai. Riƙe wannan rabon, don zai yi mana amfani a gaba.

Sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga Afganistan a Disambar 1979, ba su fita ba sai Fabrairun 1989, bayan fitarsu kuma yaƙin basasa ya ɗora daga inda suka tsaya. Mutum wajen miliyan 3 suka tsallaka Pakistan, da yawansu aka tsugunar da su a sansanonin da ke kewaye da Peshawar, irin su Kacha Garhi da Jalozai da Nasir Bagh. Yawancinsu Fashtun ne, mutanen Peshawar ma Fashtun ne, harshe ɗaya, al'ada ɗaya. A 1992 Pakistan ta ci kofin duniya ƙarƙashin jagorancin Imran Khan, ta doke Ingila a wasan ƙarshe a Melbourne. Yaran sansani sun kalli wannan a talabijin tare da maƙwabtansu, washegari kowa ya fito fili yana kwaikwayon abin da ya gani.

Da me suka yi wasan? Ƙwallon kurket ta gaske da fata ake ɗinka ta, tana da tauri, in ta sami mutum a fuska ko a ƙwauri sai asibiti. Don haka tana buƙatar hular kwano da safar hannu da kariyar ƙafa, ga fili shafaffe da ake kula da shi. Ɗan gudun hijira ina zai samo waɗannan? Dabarar da yaran Pakistan suka ƙirƙiro, ta bazu daga Karachi har Peshawar, ita ce a ɗauki ƙwallon tanis a naɗe ta tam da salatif ɗin masu gyaran wuta. Da an naɗe ta sai gashinta ya ɓace, ta ɗan ƙara nauyi, ta riƙa sulɓewa a ƙasa da gudu. Gwani yakan bar gefe ɗaya ya ɗan yage, sai ƙwallon ta riƙa karkata a iska kafin ta iso mai bugu. Sandunan nan uku kuwa a jera bulo, ko a zana su da gawayi a jikin bango, katako a sassaƙo shi daga duk icen da ya samu. Daidai yake da yadda yaranmu ke ɗaure tsumma su jera takalma su ce ga raga.

Wannan ƙwallon salatif ita ta gina salon wasan Afganistan har gobe. Wasan gajere ne, dole a gama kafin magariba, don haka mai bugu ba ya koyon haƙuri, yana koyon makawa. Ƙwallon ba ta da nauyi, don haka mai jifa sai ya koyi saurin hannu da wayon yatsu in yana so ya fitar da mutum. Duk wanda ya kalli 'yan wasan farko na ƙasar, irin su Mohammad Shahzad da Karim Sadiq, ya san a wace makaranta suka yi karatu.

Babbar shaidar cewa hijira ce ta kawo wasan ita ce taswira. Waɗanda suka gudu Iran ba su dawo da kurket ba, don ba a cika yin sa a can ba. Shi ya sa wasan ya yi ƙarfi a gabas da kudu maso gabas, Nangarhar da Khost da Paktia da Logar da Kabul, wato yankunan da ke kan iyaka da Pakistan ko kusa da ita. Shekaru da dama ƙabilun Tajik da Hazara da Uzbek suna kallonsa a matsayin wasan Fashtun da aka aro daga maƙwabta. Nasarorin baya-bayan nan sun rage wannan kallo sosai, amma in ka duba sunayen 'yan ƙungiyar ƙasar za ka ga har yanzu gabas ce ke cika ta.

An kafa hukumar kurket ta Afganistan a 1995, kuma sunayen da ba a tsallakewa a wannan zamani su ne Allah Dad Noori da Taj Malik, wanda ya tashi a Kacha Garhi ya zama kocin ƙungiyar na farko. Gwamnatin Taliban ta farko, wadda ta hana abubuwa da dama, ta ƙyale kurket, har aka karɓi ƙasar a matakin ƙasa na mambobin hukumar kurket ta duniya, ICC, a 2001. Dalilan da aka fi bayarwa su ne 'yan wasa suna sa dogon wando, babu gogayyar jiki, akwai hutun da ke ba da damar sallah. Ni dai dalilin da na fi yarda da shi ya fi waɗannan sauƙi: su kansu 'yan Taliban ɗin da yawansu a waɗancan sansanoni suka tashi, sun san wasan. A 2001 Pakistan ta gayyaci 'yan wasan Afganistan shiga rukuni na biyu na gasarta ta cikin gida. A Maris 2006 suka haɗu da ƙungiyar MCC ta Landan a Mumbai, suka lallasa ta, Mohammad Nabi ya ci maki 116, tsohon kyaftin ɗin Ingila Mike Gatting ya fita ba ko maki ɗaya. Bayan wannan wasa aka gayyaci Nabi da Hamid Hassan su je Lord's, shahararren filin kurket na Landan, su ƙara horo.

Yanzu mun zo kan abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan labarin, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. A lokacin ICC tana da wata gasa mai matakai, wadda ƙasa za ta fara daga can ƙasa, in ta ci ta hau, in ta faɗi ta sauka, kuma ƙarshen hawan yana kaiwa ga neman gurbin kofin duniya. Afganistan ta shiga rukuni na 5 a tsibirin Jersey a 2008, tana karawa da irin su Japan da Botswana da Bahamas. A wasan ƙarshe suka fitar da Jersey duka a maki 80, wanda ɗan kaɗan ne, amma su ma sai suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Mutum 8 sun fita kafin Hasti Gul, ɗan'uwan Taj Malik, wanda asalin aikinsa jifa ne, ya tsaya ya maka maki 29 ya kai su gaci. A Oktoban shekarar suka ci rukuni na 4 a Tanzaniya, a Janairun 2009 suka ci rukuni na 3 a Ajantina, lokacin Kabir Khan, tsohon ɗan wasan Pakistan, shi ne koci, Nawroz Mangal kuma kyaftin. A Afrilun 2009 a Afirka ta Kudu suka zo na 5 a gasar neman gurbi. Gurbin kofin duniya na 2011 ya kuɓuce musu da kaɗan, amma sun sami izinin buga wasan wuni ɗaya na ƙasa da ƙasa, kuma a wasansu na farko suka doke Sikotland. Duk wannan cikin ƙasa da shekara ɗaya.

Da babu waɗannan matakai, da Nabi da Hamid Hassan sun ƙare a matsayin gwanayen unguwa waɗanda babu wanda ya san su a wajen Jalalabad da Peshawar. Manyan ƙasashen kurket ba sa gayyatar ƙanana don Allah, sai in doka ta haɗa su. Shi ya sa har yanzu nake ganin babban kuskure ICC ta yi da ta rage ƙasashen kofin duniya zuwa 10 a 2019 da 2023, bayan ta ga da idonta abin da buɗe ƙofa ya haifar. An ce za a koma 14 a 2027, kuma hakan ya fi.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa da sauri. A 2010 suka buga kofin duniya na T20 a yankin Karibiyan, suka kuma ci azurfa a wasannin Asiya bayan sun fitar da Pakistan. A Oktoban 2013 suka doke Kenya a Sharjah suka sami gurbin kofin duniya na 2015. A Dunedin ta New Zealand, ranar 26 ga Fabrairun 2015, suna bin maki 210 na Sikotland, mutum 7 suka fita suna da 97 kacal. Samiullah Shenwari ya tsaya shi kaɗai ya kai 96, ya fita, aka bar masu jifa biyu na ƙarshe, Hamid Hassan da Shapoor Zadran. Shapoor ya buga ƙwallon da ta gangara iyaka, ya ruga da gudu hannuwa a buɗe ya faɗi rubda ciki a fili. Wannan ce nasararsu ta farko a kofin duniya. A 2016 suka doke West Indies, wato haɗakar ƙasashen Karibiyan, a Nagpur, ƙungiyar da ta je ta ɗauki kofin T20 na shekarar. Ranar 22 ga Yunin 2017 aka ba su cikakken matsayin mamba na ICC tare da Ireland, suka shiga cikin ƙasashe 12 masu buga Tes.

A nan ne rabon da na ce ka riƙe ya yi aiki. Wasan Tes ɗinsu na farko da Indiya aka yi a Bengaluru a Yunin 2018. Wasan kwana 5 ne, amma a kwana 2 aka gama. Indiya ta ci 474, Afganistan ta yi bugu sau biyu a wuni guda, 109 da 103. Yaron da ya tashi da ƙwallon salatif bai san tsayuwar awa shida yana kare sanduna ba, wannan sai a gasar kwana huɗu ta cikin gida ake koyonsa, kuma gasarsu ta Ahmad Shah Abdali sai a 2017 ta sami matsayin da duniya ta amince da shi. Sun gyara da wuri, sun doke Ireland da Bangladesh a 2019, amma har yau Tes ne inda suka fi rauni, kuma wasannin da ake ba su a shekara ba su taka kara sun karya ba.

Abin da ya sauya lissafin iyaye kuwa kuɗin T20 ne. A cinikin 'yan wasa na gasar IPL ta Indiya a 2017, ƙungiyar Sunrisers Hyderabad ta sayi Rashid Khan, ɗan Nangarhar mai shekara 18, a kan rufi miliyan 40, kuɗin Indiya. Rashid mai jifan murɗe ne, wato ba ƙarfi yake sa wa ƙwallo ba, murza ta yake yi don ta kauce bayan ta taɓa ƙasa. Bambancinsa da sauran shi ne yana jefa ta da sauri fiye da yadda aka saba, da kan yatsu yake murzawa, kuma riƙonsa kusan iri ɗaya ne ko dama za ta kauce ko hagu, don haka mai bugu ba ya gane inda ta nufa sai ta iso. Bayansa Mujeeb Ur Rahman da Noor Ahmad suka biyo, Mujeeb ma da kallon bidiyon gwanaye a intanet ya koyi wasu dabarunsa. Uban da a da yake dukan ɗansa don ya bar shago ya tafi fili, yanzu ya ga sana'a ce. Ga wata riba da ba a cika faɗa ba: waɗannan yara sun yi shekaru suna zama ɗaki ɗaya da taurarin Ingila da Ostireliya a gasannin Indiya da Dubai da Karibiyan, kwarjinin ya tafi. Abin yana da illarsa, don a ƙarshen 2023 sai da hukumar ta hukunta Mujeeb da Naveen-ul-Haq da Fazalhaq Farooqi saboda sun nemi a sake su daga kwantiragin ƙasa su bi gasannin kuɗi, kafin daga baya a sasanta.

A kofin duniya na 2019 sun sha kashi a duka wasanninsu 9, bayan an sauya kyaftin ana gab da fara gasa, wanda laifin hukuma ne ba na 'yan wasa ba. Shekara huɗu bayan nan, ƙarƙashin koci Jonathan Trott, suka doke Ingila da maki 69 a Delhi, suka doke Pakistan a Chennai, suka haɗa da Sri Lanka da Holan. Abin da ya burge ni a wannan gasa shi ne bugu, ba jifa ba. Rahmanullah Gurbaz da Ibrahim Zadran da Rahmat Shah da Hashmatullah Shahidi sun riƙa bin maki a natse, abin da magabatansu ba su iya ba. A 2024 suka doke New Zealand da Ostireliya da Bangladesh a kofin T20 suka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Afirka ta Kudu ta fitar da su duka a maki 56. A 2025 suka sake doke Ingila a Lahore, Ibrahim Zadran ya ci 177.

Game da kuɗi da ka tambaya, mafi yawansa daga waje ya zo. Amurka ta taimaka wajen gina filin Kabul, Jamus ta gina na Khost, Indiya ta ba da kuɗin na Kandahar, kuma abin da ke riƙe da hukumar shi ne kason da ICC ke raba wa mambobinta. Har yau Afganistan ba ta taɓa karɓar baƙuncin wata babbar ƙasa a gidanta ba. Sharjah da Abu Dhabi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da Greater Noida da Dehradun da Lucknow a Indiya, su ne filayen da ake kira gida. A Satumbar 2024 wasan Tes ɗinsu da New Zealand a Greater Noida ya tashi a banza, kwana 5 ba a jefa ƙwallo ko ɗaya ba saboda ruwan sama da jiƙaƙƙen fili. Dalilin rashin zuwan baƙi ba a ɓoye yake ba: a Satumbar 2017 ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam kusa da filin Kabul ana tsakiyar Shpageeza, gasar T20 ta cikin gida, a Mayun 2018 bama-bamai suka kashe mutum 8 a wani wasan dare cikin azumi a Jalalabad. Dangantaka da Pakistan, wadda ta koya musu wasan, ita ma ta yi tsami. Ranar da suka doke ta a Chennai, Ibrahim Zadran ya sadaukar da kyautarsa ga 'yan Afganistan da ake kora daga Pakistan a lokacin.

Don haka in ka ji ana cewa kurket ya haɗa kan Afganistan ya warkar da raunin yaƙi, ka ɗan rage. Ya ba mutane daren murna da suka daɗe ba su gani ba, tituna sun cika a Kabul da Khost da Jalalabad, kuma ban raina wannan ba. Ƙungiyar ma har yanzu da tsohuwar tuta mai baƙi da ja da kore take fita fili, duk da gwamnati ta sauya. Amma rabin al'ummar ƙasar an rufe musu ƙofa. A Nuwambar 2020 hukumar ta ba mata 25 kwantiragi, Taliban ta dawo a Agustan 2021, ƙungiyar ta watse, yawancinsu suka tsere Ostireliya. Dokar ICC ta ce cikakken mamba sai yana da ƙungiyar mata, Afganistan ba ta da ita, kuma an bar ta da matsayinta da kasonta. Ostireliya ta ƙi buga wasannin da aka shirya tsakaninta da su har sau uku tun 2021, amma tana haɗuwa da su a kofin duniya.

Ni ban ga amfanin ƙaurace wa mazan ba. Rashid Khan da Nabi ba su ne suka rufe makarantu ba, hasali ma a Disambar 2024 sun fito fili sun soki hana mata karatun jinya da ungozoma, Rashid yana kafa hujja da cewa Musulunci ya wajabta neman ilimi a kan namiji da mace. Kuma ba za a ce addini ne ya hana wasan ba, tunda Pakistan da Bangladesh ƙasashen Musulmi ne kuma matansu suna buga kofin duniya. Ruwanda ma, wadda ita ma 'yan gudun hijirar da suka dawo daga Yuganda da Kenya bayan 1994 ne suka kai mata kurket, 'yan matanta ne suka fara ɗaga sunanta, da suka doke Zimbabuwe da West Indies a kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 19 a 2023, kuma ƙungiyar matan Najeriya tana zuwa Kwibuka, gasar kurket ta mata da Ruwanda ke shiryawa a Kigali.

Matan Afganistan sun taru sun buga wasansu na farko a Melbourne ranar 30 ga Janairun 2025, ba da sunan ƙasa ba. A Afrilun shekarar ICC ta sanar da asusun tallafa musu tare da hukumomin Indiya da Ingila da Ostireliya. Tallafin horo yana da kyau, amma abin da suka rubuta suka nema shi ne a amince da su a matsayin ƙungiyar 'yan gudun hijira mai buga wasa na hukuma. A ganina ya kamata a ba su wannan, a kuma yanki wani abu daga kason da ICC ke ba Afganistan a biya su albashi da shi, don kuɗin nan an ba da shi ne da sharaɗin akwai ƙungiyar mata.